Zumuɗin fitowar Star Wars: The Phantom Menace

Zumuɗin fitowar Star Wars: The Phantom Menace shi ne ɗokin da masoya jerin fina-finan Star Wars suka nuna a shekarun 1998 da 1999, kafin a fara haska fim ɗin Star Wars: Episode I – The Phantom Menace a gidajen sinima na ƙasar Amurka ranar 19 ga watan Mayu, 1999. Star Wars jerin fina-finai ne na almarar kimiyya wanda George Lucas ya ƙirƙira, kuma wannan shi ne sabon fim na farko a jerin bayan shekara 16. A lokacin jiran, mutane sun riƙa sayen tikitin wasu fina-finai don kawai su kalli tallan fim ɗin, wasu sun kwana makonni a kan layi a ƙofar sinima, sannan miliyoyin mutane sun sauke tallan daga intanet tun tana sabuwa a gidajen jama'a. Ana lissafa shi a cikin fina-finan da aka fi ɗokin fitowarsu a tarihin sinima. Fim ɗin ya samu kuɗi masu yawa, amma ra'ayin masu kallo ya rabu a kansa, kuma fushin waɗanda bai gamsar ba ya faɗa a kan wasu daga cikin 'yan wasan.

Asali

Fim na farko, mai suna Star Wars, ya fito ranar 25 ga watan Mayu, 1977. The Empire Strikes Back ya biyo baya a 1980, sai Return of the Jedi a 1983. Fina-finan uku suna ba da labarin wani matashi, Luke Skywalker, da 'yan tawayen da ke yaƙi da wata daular zalunci a sararin samaniya, da kuma mayaƙan Jedi masu amfani da takobin haske.

Tushen jiran yana cikin lambobin da aka sa wa fina-finan. Da The Empire Strikes Back ya fito, rubutun da ke buɗe fim ɗin ya kira shi kashi na 5. Da aka sake haska fim na farko a 1981, sai aka ƙara masa sunan kashi na 4, A New Hope. Daga nan masu kallo suka gane cewa an fara musu labarin ne daga tsakiya, kuma akwai kashi na 1 da na 2 da na 3 da ba a yi ba tukuna. Fina-finan sun kuma bayyana cewa mugun labarin, Darth Vader, a da jarumin Jedi ne mai suna Anakin Skywalker, kuma shi ne mahaifin Luke. Yadda mutumin kirki ya rikiɗe ya zama Vader, shi ne abin da masoya suka yi shekaru suna tattaunawa a kai, kowa da irin labarin da ya tsara a ransa. A Turanci ana kiran fim ɗin da ya fito daga baya amma labarinsa ya gabaci na farko da prequel, kuma Star Wars na cikin abubuwan da suka yaɗa kalmar a bakin jama'a.

Shekarun shiru da farfaɗowa

Bayan 1983 Lucas ya jingine jerin. An yi fina-finan talabijin guda biyu a kan halittun Ewok a 1984 da 1985, da kuma wasu zanen katun, amma ba su yi tashe ba. Kamfanin Kenner ya daina fitar da kayan wasan yara na Star Wars a tsakiyar shekarun 1980, kuma mujallar zane ta kamfanin Marvel ta tsaya a 1986. Mutane da yawa sun ɗauka an gama ke nan.

Abin ya farfaɗo a 1991, lokacin da littafin Heir to the Empire na Timothy Zahn ya kai matsayi na ɗaya a jerin littattafan da suka fi kasuwa na jaridar The New York Times. Littafin ya ci gaba da labarin daga inda Return of the Jedi ya tsaya, kuma kasuwarsa ta nuna cewa yaran da suka kalli fim ɗin a 1977 sun girma, suna da kuɗin kansu, kuma ba su manta ba. Wasu littattafai da mujallun zane da wasannin kwamfuta suka biyo baya. A 1995 kayan wasan yaran suka dawo shaguna.

A ɓangaren fasaha kuma, kamfanin Lucas mai haɗa hotunan siddabarun fim, Industrial Light & Magic, ya yi aikin dabbobin da ke cikin Jurassic Park na 1993 da kwamfuta. Wannan aiki ya gamsar da Lucas cewa yanzu zai iya nuna birane da halittu da yaƙe-yaƙen da ya kasa yi a da. Ya fara rubuta sabon labarin ranar 1 ga watan Nuwamba, 1994. A farkon 1997, da jerin ya cika shekara 20, aka sake haska tsofaffin fina-finan uku a sinima da gyararren hoto da sauti da ƙarin wasu fitowa. Fim na farko kaɗai ya tara sama da dala miliyan 130 a Amurka a wannan zagaye, duk da cewa mutane da yawa suna da shi a kaset a gida.

Ɗaukar fim da ɓoye labari

An ɗauki fim ɗin tsakanin watan Yuni da watan Satumba na 1997 a ɗakunan ɗaukar fim na Leavesden a Ingila, da fadar Caserta a Italiya, da hamadar Tunisiya kusa da garin Tozeur. Lucas ne ya ba da umarni da kansa, karo na farko tun 1977. Kuɗin aikin, kimanin dala miliyan 115, daga kamfaninsa na Lucasfilm suka fito, kamfanin 20th Century Fox kuma ya ɗauki nauyin rarrabawa. Manyan 'yan wasan su ne Liam Neeson a matsayin Qui-Gon Jinn, Ewan McGregor a matsayin Obi-Wan Kenobi yana matashi, Natalie Portman a matsayin Sarauniya Amidala, da Jake Lloyd a matsayin Anakin yana yaro.

Lucasfilm ya ɓoye labarin sosai, yana sakin hotuna da bayanai kaɗan-kaɗan. An sanar da sunan fim ɗin a watan Satumba na 1998. Ma'anar The Phantom Menace ita ce barazanar da ba a ganin mai yin ta, kuma sunan ya jawo muhawara, domin wasu masoya sun ga ya yi kama da sunayen tsofaffin fina-finan jarumta na shekarun 1930. A watan Nuwamba aka fitar da fostar farko. Tana nuna ƙaramin yaro yana tafiya a hamada, inuwarsa kuma a jikin bango siffar Darth Vader ce.

Tallan fim

An fara nuna tallan farko, wanda ake kira tirela, ranar 17 ga watan Nuwamba, 1998 a wasu zaɓaɓɓun gidajen sinima 75, sannan a sauran gidajen daga ranar 20 ga watan. Tsawonsa minti biyu ne da 'yan daƙiƙoƙi. An haɗa shi ne da fina-finan Meet Joe Black, The Waterboy da The Siege. Kafofin yaɗa labarai sun ruwaito cewa mutane da yawa sun biya cikakken kuɗin tikiti, suka kalli tallan, suka tashi suka fita kafin a fara ainihin fim ɗin. Don a riƙe su a kujerunsu, wasu gidajen sinima sun riƙa maimaita tallan bayan an gama fim.

Talla na biyu ya fito a watan Maris na 1999, aka haɗa shi da fim ɗin Wing Commander, kuma abin da ya faru a Nuwamba ya sake faruwa. Tallan biyu sun nuna Darth Maul, mai jar fuska da baƙin zane da takobin haske mai baki biyu. Tun kafin kowa ya ga fim ɗin, hotonsa ya cika riguna da mujallu, alhali a cikin fim ɗin maganarsa ba ta wuce 'yan jimloli ba.

Rawar intanet

A 1999 babu YouTube, babu Facebook, kuma yawancin gidajen da ke da intanet ta layin wayar tarho suke shiga. Sauke bidiyon minti biyu mai kyan hoto yana iya ɗaukar sa'a guda ko fiye. Duk da haka, da aka sa tallan farko a shafin Star Wars na hukuma, cunkoson masu shiga ya fi ƙarfin na'urorin da ke ɗauke da shafin. A talla na biyu Lucasfilm ya haɗa kai da kamfanin Apple aka sake shi ta manhajar QuickTime, kuma an sauke shi sama da sau miliyan ɗaya a cikin sa'a 24 na farko.

Shafukan da masoya suka buɗe da kansu, irin su TheForce.net, da shafin labaran fim na Ain't It Cool News, sun riƙa wallafa jita-jita da hotunan da aka ɗauko a ɓoye daga wurin aiki da gutsattsarin labarin. Masoya suka rabu gida biyu. Wasu suna neman kowane bayani, wasu kuma suna ƙaurace wa shafukan don kada a ɓata musu kallo. Bayanan da suka fita sun yi yawa har mawaƙin barkwanci "Weird Al" Yankovic ya rubuta mafi yawan waƙarsa The Saga Begins, wadda ke ba da labarin fim ɗin daga farko zuwa ƙarshe, tun bai kalle shi ba.

Wani ɓangaren sirrin ma kayan kamfanin ne suka tona shi. Littafin labarin fim ɗin, wanda Terry Brooks ya rubuta, ya shiga kasuwa a watan Afrilu. Faifan kiɗan John Williams ya fito ranar 4 ga watan Mayu, kuma sunan ɗaya daga cikin kiɗe-kiɗen da ke bayan faifan ya nuna ƙarara cewa Qui-Gon Jinn zai mutu.

Layi da tikiti

Da farko Lucasfilm ya ƙi yarda a sayar da tikiti kafin ranar fitowa, don gudun masu saye su sake sayarwa da tsada. Wannan ya sa masoya suka fara kafa layi tun fiye da wata guda kafin ranar. Layin da ya fi suna shi ne na ƙofar gidan sinima na Mann's Chinese Theatre a Hollywood, inda mutane suka yi kusan mako shida suna karɓa-karɓa a bakin titi da kujeru da jakunkunan barci. An kafa irinsa a ƙofar Ziegfeld Theatre a birnin New York. Masu layin sun tsara wa kansu dokoki, suna rubuta sa'o'in da kowa ya yi, kuma sun yi amfani da zaman wajen tara gudummawa ga gidauniyar Starlight mai taimakon yara marasa lafiya. Gidajen talabijin sun riƙa zuwa ɗaukarsu, wani lokaci don yabo, wani lokaci don zolaya.

Bayan tattaunawa da ƙungiyar masu gidajen sinima ta Amurka, kamfanin ya amince a fara sayar da tikiti ranar 12 ga watan Mayu, bisa sharaɗin kada mutum ɗaya ya sayi fiye da guda 12. Duk da haka an samu rahotannin sayar da tikiti ɗaya har dala 100 a kasuwar bayan fage. An kuma gindaya wa gidajen sinima sharuɗɗa masu tsauri, ciki har da haska fim ɗin a ɗakinsu mafi girma na tsawon makonni. Da yake sai a watan Yuli fim ɗin zai isa Birtaniya, wasu masoya daga can da wasu ƙasashe sun hau jirgi zuwa Amurka don su kalle shi a makon farko.

Daga ranar 30 ga watan Afrilu zuwa 2 ga watan Mayu an yi taron masoya na farko mai suna Star Wars Celebration a birnin Denver na jihar Colorado. Dubban mutane sun halarta duk da ruwan sama da taɓo.

Kasuwanci

Kuɗin da Lucasfilm ya kashe a kan talla kai tsaye bai wuce kimanin dala miliyan 20 ba, domin wasu kamfanoni da kafofin labarai sun yi masa mafi yawan aikin. Kamfanin Pepsi ya ƙulla yarjejeniyar da aka ƙiyasta darajarta a kusan dala biliyan 2, hotunan taurarin fim ɗin suka bayyana a gwangwanayen lemo da gidajen abinci na KFC, Pizza Hut da Taco Bell. Kamfanin Lego ya fitar da kayan wasansa na Star Wars a shekarar, karo na farko da ya gina kayansa a kan labarin wani fim.

An saki sababbin kayan wasan yara na kamfanin Hasbro da ƙarfe 12 na daren 3 ga watan Mayu. Shagunan Toys "R" Us sun buɗe a tsakar dare, kuma mafi yawan waɗanda suka yi layi manya ne masu tara kayan don ajiya.

Ba kowane kamfani ne kwalliya ta biya masa kuɗin sabulu ba. An cika shaguna da kaya fiye da abin da kasuwa za ta iya ɗauka, da yawa suka yi kwantai aka karya musu farashi. Kamfanin buga littattafai na Birtaniya, Dorling Kindersley, ya buga kwafi miliyan 13 na littattafan Star Wars amma kusan miliyan 3 kawai ya sayar. Asarar ta girgiza kamfanin, kuma a shekarar 2000 kamfanin Pearson ya saye shi.

Ranar fitowa

An tsara fitowar ne ranar Juma'a 21 ga watan Mayu, daga baya aka dawo da ita Laraba 19 ga watan. Gidajen sinima da dama sun fara haskawa da ƙarfe 12 da minti ɗaya na dare, wasu suka ci gaba ba tsayawa har gari ya waye. Mutane sun zo sanye da tufafin Jedi da na Darth Maul. Kamfanin Challenger, Gray & Christmas mai nazarin harkokin ma'aikata ya ƙiyasta cewa ma'aikata miliyan 2.2 za su ƙi zuwa aiki a ranar, abin da zai jawo asarar dala miliyan 293. Wasu kamfanoni sun rufe ofis a ranar gaba ɗaya.

Fim ɗin ya tara dala miliyan 28.5 a ranar farko, wanda ya zarce na kowane fim kafinsa a rana guda, kuma ya haura dala miliyan 100 a cikin kwana biyar. A ƙarshe ya samu kimanin dala miliyan 431 a Amurka da Kanada, da dala miliyan 924 a duniya baki ɗaya. Shi ne ya fi kowane fim kuɗi a 1999, amma bai kamo Titanic na 1997 ba, kamar yadda wasu suka yi hasashe.

Karɓuwa

Ra'ayin masu sharhin fina-finai ya bambanta. Roger Ebert ya ba shi tauraro uku da rabi cikin huɗu, yana yaba kyan hotunansa. An kuma yaba kiɗan John Williams, da tseren jiragen da Anakin ya shiga, da faɗan takobi na ƙarshe. Masu suka kuwa sun ce maganganun 'yan wasan ba su da armashi, labarin ya nutse cikin rikicin haraji da zaman majalisa, kuma an tsara shi ne don ƙananan yara. Wasu tsofaffin masoya ba su ji daɗin yadda fim ɗin ya danganta ƙarfin ruhi na Jedi da wasu ƙananan halittu a cikin jiki ba, domin a tsofaffin fina-finan abu ne na gaibu.

Sukan ya fi yawa a kan Jar Jar Binks, wata halitta mai ban dariya da aka haɗa da kwamfuta. Wasu masu sharhi sun ce yadda yake karya Turanci ya yi kama da Turancin yankin Karebiyan, kuma halayensa suna tuna da tsohuwar al'adar wasan kwaikwayon Amurka ta yi wa baƙar fata ba'a. An yi irin wannan ƙorafi a kan lafazin wasu halittun, wanda aka kamanta da na mutanen gabashin Asiya. Lucas ya musanta cewa akwai wariyar launin fata a ciki, ya kuma ce fina-finan Star Wars tun asali na yara ne.

Masu nazarin jerin sukan danganta zafin sukan da tsawon jiran. Mutumin da ya kalli fim na farko yana ɗan shekara 10 ya kai shekara 32 a 1999, kuma ya shigo sinima da labarin da ya daɗe yana tsarawa a ransa. Yaran da suka fara sanin Star Wars ta wannan fim ba su da wannan ma'auni, kuma da yawansu sun so shi. An zaɓi fim ɗin a rukuni uku na kyautar Oscar, biyu na sauti da ɗaya na siddabarun hoto, amma The Matrix ne ya lashe dukkansu.

Abin da ya samu 'yan wasa

Ahmed Best, ɗan wasan Amurka baƙar fata wanda ya yi murya da motsin Jar Jar Binks, ya sha zagi da barazana. A watan Yuli na 2018 ya bayyana a shafinsa na Twitter cewa abin ya kai shi ga tunanin kashe kansa. A 2019, a taron cikar fim ɗin shekara 20 a birnin Chicago, mahalarta sun miƙe tsaye suna tafa masa, kuma a 2023 ya fito a matsayin jarumin Jedi mai suna Kelleran Beq a shirin The Mandalorian.

Jake Lloyd yana da shekara 8 lokacin ɗaukar fim ɗin, yana da 10 lokacin da ya fito. Ya bar harkar fim bayan 'yan shekaru, kuma a wata hira a 2012 ya ce 'yan makarantarsu sun riƙa tsokanarsa saboda rawar da ya taka. A 2024 mahaifiyarsa ta ce ba sukan fim ɗin ne ya sa ya bar sana'ar ba.

Tasiri

Abubuwa da dama da aka gani a 1999 sun zama al'ada a masana'antar fim: mayar da ranar sakin talla wani biki na kansa, sakin tallan a intanet, sayar da tikiti tun kafin ranar fitowa, da haskawar tsakar dare. An yi fina-finan tarihi a kan masu layin, irin su Starwoids na 2001, da fim ɗin barkwanci Fanboys na 2009, wanda ke ba da labarin abokai da suka yi niyyar shiga gidan gonar Lucas su saci kallon fim ɗin saboda ɗayansu ba zai rayu har ranar fitowa ba. The People vs. George Lucas na 2010 kuma ya yi nazarin saɓanin da ke tsakanin Lucas da masoyansa.

Kashi na 2, Attack of the Clones, ya fito a 2002, na 3 kuma, Revenge of the Sith, a 2005. Ranar 30 ga watan Oktoba, 2012 aka sanar cewa kamfanin Disney zai sayi Lucasfilm a kan dala biliyan 4.05, sai sabon jira ya fara. Da aka buɗe sayar da tikitin The Force Awakens a watan Oktoba na 2015, shafukan sayar da tikiti da dama sun tsaya saboda cunkoso. Fim ɗin ya fito ranar 18 ga watan Disamba, ya tara kusan dala miliyan 248 a ƙarshen makon farko a Amurka da Kanada, da sama da dala biliyan 2 a duniya. Matsalar cin zarafin 'yan wasa ma ta dawo: a 2018 Kelly Marie Tran, wadda ta fito a The Last Jedi, ta goge hotunanta a Instagram bayan zagin da ta sha.

An sake haska The Phantom Menace a tsarin 3D a 2012, abin da ya kai jimillar kuɗinsa sama da dala biliyan ɗaya. An kuma mayar da shi gidajen sinima a watan Mayu na 2024 don cikarsa shekara 25.